Notin da Na Ce Na Haɗiye

Gara in faɗa da bakina tun da wuri: na yi wauta iri-iri a duniya, amma babu kamar wadda na tafka a ɗakin niƙan surukata a Abaji. Ƙarya na yi, ƴar mitsitsiya, na kuma sha ƙwarya guda ta filasko, maganin wankin ciki, a kanta.

Lokacin ko mafarkin kafa babban birnin tarayya a yankin nan ba a yi ba. Abaji kasuwa ce da tasha a hanyar Lokoja, ni kuwa bakanike ne a gefen tashar. Kada a ji bakanike a ɗauka wata makaranta na yi. Aji biyu na yi aka gaji da ni. Sauran a ƙarƙashin manyan motoci na tsinta, rabinsa da ranƙwashi.

Surukata, uwar matata, mijinta ya rasu ya bar mata injin niƙa mai shan gas, irin mai fistin ɗaya, wanda in ya tashi har bakin kasuwa ana jin tuf-tuf ɗinsa. Da shi take riƙe da gidan duka. Mace ce mai kunya irin ta da. Tun da na auri ƴarta ta fari ba ta taɓa kallon idona ba. Ko ina durƙushe a gabanta sai ta juya wajen matata ta ce, "A gaya masa."

Wata ranar kasuwa da sassafe injin ya ƙi tashi, aka aiko mini. Na tarar mata sun fara taruwa ƙarƙashin mangwaro, matan Gwari da kayansu a kafaɗa, matan gari da tasoshin jiƙaƙƙiyar dawa. Na shiga da faɗin rai, na buɗe murfin sama don in daidaita bawul. Ina da wata muguwar ɗabi'a: ƙaramin noti a baki nake ajiye shi, kunci ɗaya goro, kunci ɗaya ƙarfe. Ina sunkuye a kan injin sai na ji sallamarta a ƙofa. Wa zai ji sallamar suruka ya yi shiru? Na wangale baki na ce, "Ina kwana, Inna."

Ƙis. Ƙis. Tsulum.

Da kunnena na ji shi ya bi ramin sandar bawul ya gangara cikin baƙin man da ke ƙasan injin. Duk wanda ya san inji ya san ma'anar wannan ƙara. In aka tayar da shi da ƙarfe yana yawo a ciki, zai iya tauna kansa, a wayi gari Inna ba ta da inji.

Matata da ke bayanta ta ce, "Lafiya ka yi tsuru-tsuru? Ina notin da na gani a bakinka?"

A nan ne shaiɗan ya dafa kafaɗata. Na ga ba zan iya cewa a gaban suruka na jefa mata ƙarfe a inji ba. Sai na dafe wuya, na ƙifta ido, na ce, "Na haɗiye."

Lissafina shi ne za a tausaya mini, a watse, in lalubo abina a ɓoye. Inna ta yi salati, sannan ta ce, "A gaya masa Allah ya sawwaƙe. A karɓo wani notin a tasha a tayar da injin, mata na jira."

Na ce ai zaren wannan notin daban ne, na Turawa ne, ko a Lokoja ba lalle a samu ba, sai shi ɗin dai. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ita ta kashe ni.

Ta juya wajen matata ta ce, "To, tunda shi ɗin ake so, an san inda yake. A ɗora tukunya."

Wanda bai taɓa shan filasko da tsamiya da kanwa a ƙwarya ɗaya ba, ya gode wa Allah. Kore-kore ne, da kumfa a sama kamar ruwan kwata, ɗumi-ɗumi, warinsa ma kaɗai ya isa ya tayar da zuciya. Na sha ina hawaye, ga ɗanɗanon gas bai bar harshena ba. Inna ta hana ni shiga masai, wai kada notin ya tafi inda ba a dawowa. Aka ba ni tsohon kasko da tsinken kara, aka nuna mini bayan zana. Ita kuwa ta ja kujera ta zauna daram a ƙofar ɗakin niƙa, tana ba mata haƙuri.

Kafin azahar magani ya fara aiki. Ba zan bayyana ba, wataƙila wani na cin abinci. Abin da zan ce kawai, na tsuguna a kan kaskon nan, na ɗauki tsinke ina tonawa, korayen ƙudaje sun yi mini rawani, ina neman abin da na san sarai ba ya nan. Matata na can gefen zana ta toshe hanci da gyale.

"Ya fito?"

"Tukuna."

Sai in ji ta ɗaga murya: "Inna, wai tukuna!" Duk matan gindin mangwaro suna ji. Wata tsohuwa ta ce a ƙara masa kanwa. Sau huɗu ana wannan sanarwa. Dawar mutane kuwa ta fara tsami a rana, warinta ya haɗu da nawa, har na rasa wanda zan fi ƙyama, ni ko dawar.

Da Inna ta tashi sallar la'asar na ce wa matata ta je ta ɗebo mini ruwa. Na lallaɓa na haura ɗakin niƙan ta tagar baya. Na kwance ƴar ƙofar gefen injin. Man nan tun maigidan na da rai ba a juye shi ba. Ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ga dusa ta shiga ta dunƙule, ga wani abu mai santsi da na taɓa wanda har yau ban yarda in san mene ne ba. Na zura waya, ba ta kamo komai ba. Na naɗe hannun riga na cusa hannu har hammata, kuncina manne da ƙarfe, cikina na ƙugi yana gargaɗina. Ina lalube ina roƙon Allah abu biyu a lokaci guda. Can a lungu yatsana ya taɓa shi. Ya kuɓuce. Na sake bi, na matse shi da farce a jikin ƙarfe, na jawo shi a hankali har ya fito.

Na rufe ƙofar, na koma bayan zana, na dirje hannu da toka da ƙasa, na sauke hannun riga. Sannan na fito ta gaba ina ɗaga noti sama kamar wanda ya ci kokawa.

"Ya fito!"

Na zaci guɗa za a yi. Sai wata Bagwariya ta tofar da yawu ta ce, "Wannan abin da ya bi cikin mutum, shi za ka sa a injin da yake niƙa mana abinci?" Ta ɗora kayanta a kafaɗa. Sauran ma suka fara naɗa gammo. Wata ta ce gara ta koma turmi har ta mutu. Na ga idan suka tafi da wannan labari kasuwa, injin ko ya tashi babu mai sake kawo masa ko gwangwani ɗaya.

Inna ta sallame salla ta fito. Ba ta dubi fuskata ba, kamar kullum. Notin ta duba, da baƙin da ya maƙale a zarensa, sannan ta dubi rigata. Ta ce wa matata, "Ɗaga hannunsa."

Matata ta ɗaga. Hammatar rigar baƙi ƙirin, mai na bin haƙarƙarina. Bagwariyar nan ce ta fara fashewa da dariya, ta sauke kayanta, sauran suka bi, tasa bayan tasa. Na shige ciki da kaina a ƙasa, na ɗaura notin, na kama hannun injin zan juya. Kafin ƙararsa ta rufe komai, na ji Inna a ƙofa tana gaya wa ƴarta, a natse:

"A tambaye shi, in filasko ta hammata yake fito masa, me ya wuni yana tonawa a kaskona?"