Galan ɗin maganin da ya ɓace a hannun Yaya Bello

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Bello, malamin gona. Allah ya jiƙansa. Duk shekara iyakata addu'a, amma bana akwai maganar da ta ƙi barina in yi shiru.

A mulkin farar hula na biyu aka ba shi ƙauyukan da ke tsakanin Bodinga da Shagari. Ba shi da komai sai keke, da famfon feshi, da wani ɗan gilashi na duba ƙwari da ke rataye a wuyansa. Mutane har tsokanarsa suke, wai gwamnati na biyan ƙato albashi don ya riƙa leƙen malam-buɗe-littafi. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai ba duk mai fiffike ne malam-buɗe-littafi ba.

Akwai wasu da yake kira 'yan rana. Baƙaƙe ne masu sheƙi, da ɗigo-ɗigo a fiffike, cikinsu da zobba ja da rawaya kamar na zanzaro. Ya ce dangin masu kewaya fitila ne, sai dai su da rana suke yawo. In kana son ganewa, ka jira ya sauka: malam-buɗe-littafi yakan haɗe fikafikansa sama, ɗan rana kuwa shimfiɗa su yake a bayansa. Tashinsa ma a hankali ne, ba ya tsoron tsuntsu, don tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana shi ba ya sakewa. Na ji wannan karatu ya fi a ƙirga, amma wallahi ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba.

Shekarar da aka tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, na bar albasata ta fadamar Lambara ta yi fure don in sami iri. Da shi na dogara. Wata safiya na tarar 'yan ranar nan sun rufe furen. Hankalina ya tashi, na nufi gidan Yaya, don na san akwai galan ɗaya tak na magani da ofis ya ba shi, a ajiye saboda fara.

Da na roƙe shi maganin, ya biyo ni gonar ya durƙusa ya duba, ya ɗago ganye ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Sani, wanga ba shi cin albasa. Ruwan fure shika sha, shi da zuma. In ka fesa, har zumar za ka kashe, kuma su ka yi maka irin."

Na ce, "Yaya, ni da kai ciki ɗaya, ka hana ni?"

Ya ce, "Ba hana ka ni yi ba. Ba ka da ciwon da maganin ga ka warkarwa."

Ranar kasuwar Bodinga, da ya fita, na shiga zaurensa na ɗauki galan da famfo. Na feshe gonar kaf, har ina jin daɗin yadda suke zubowa. Kashegari fadamar tsit, ba zuma, ba ƙuda. Da lokacin girbi ya yi, na murza kan albasa a tafin hannuna, sai ƙaiƙayi.

Wannan asarata ce, kuma na cancanta. Tasa ta fi. Da masu dubawa suka zo daga ofis suka tambayi galan, ya ce ya ɓace a hannunsa, bai ƙara ko kalma ba. Aka yi ta raɗe-raɗin ya sayar. Da soja suka karɓi mulki aka zo rage ma'aikata, sunansa na cikin na farko. Ya koma noman gero da 'ya'ya shida, ni kuwa ina kallo, bakina ya ƙi buɗuwa. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Yau kowace kasuwa akwai rumfar maganin feshi, kowa likitan gonarsa ne. Da Yaya zai ga yadda ake feshe duk abin da ya motsa, na san ba zai yi faɗa ba, tambaya zai yi: ka tsaya ka duba? Matasa kuma da ke ɗaukar hoton ƙwaro a waya su nemi sunansa, ina jin da sun burge shi, ko da yake sai ya sa su durƙusa tukuna.

Me ya rage nasa? Akwai tsofaffi a Horo Birni da har gobe ba sa feshi in albasa na fure, kuma sun san daga wa suka koya. Amma akwai kuma waɗanda in an ambace shi sai su ce, "Wanda ya sayar da magani?" Na sha ji da kunnena, na sunkuyar da kai.

Shekara ashirin da 'yan kai muka yi bayan abin, muna cin tuwo a kwano ɗaya, bai taɓa tayar mini da maganar ba. 'Ya'yansa ma ba su sani ba, sai yau da za su karanta. Malam Bello bai sayar da komai ba. Ni, Sani ƙaninsa, ni na ɗauka.