Hannun Daman Nasidi Mai Tausa

Nasidi ya gaji tausa ne daga kakarsa, wadda iyayenta suka taso daga ƙasar Katsina da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Omdurman ta Sudan suka zauna. Ita ta koya masa gane inda jijiya ta harɗe ko ƙashi ya goce. Da ya kawo ƙarfi sai ya kama ɗaki a bayan layin masu barguna a Kasuwar Libiya ta nan Omdurman, ya sa gadon igiya da benci da kwalbar man riɗi. 'Yan dako da direbobi da masu shanyewar ɓarin jiki duk wurinsa suke zuwa.

Mutum ne mai sanyin baki, amma akwai abin da ba ya ɗauka. Wanda ya saba zuwa in ya saɓa lokaci, Nasidi kan ce uzuri ne. Sabon zuwa kuwa, in aka ba shi lokaci bai zo ba kuma bai aiko ba, to ranar da ya bayyana sai ya zauna a benci har a gama da kowa. Matarsa Ikhlas ta sha ce masa wannan taurin kai zai kore masa mutane. Shi kuwa yakan ce lokacin da aka ɓata na wani mai ciwo ne aka hana.

Da yaƙi ya ɓarke a 2023 aka wawashe kasuwar, Nasidi ya mayar da gadon zauren gidansa a unguwar Ombada. Masu zuwa suka ragu, amma Alhaji Salih, tsohon tela da ɓarinsa na hagu ya shanye, bai fasa ba. 'Yarsa Hanan ce ke turo shi a baro kullum da hantsi.

Wata Asabar wani daga cikin masu bindigar da suka kafa shinge a bakin layin ya leƙo yana dafe da wuya. Ya ce sunansa Hussein, gobe da hantsi zai zo a duba shi. Nasidi ya ɗage wa Alhaji lokaci saboda shi. Bai zo ba, washegari ma haka. Ran Talata ya faɗo da mutum biyu, Alhaji yana kwance rubda ciki, mai a bayansa.

"Sauke tsohon nan," in ji Hussein da Larabci.

"Kwana biyu na jira ka," Nasidi ya ce, bai ɗaga hannu ba. "Ga benci, saura kaɗan."

Hanan ta matso ta yi ƙasa da murya. "Kawu, bari in ɗauke shi, mu dawo gobe."

"Bar shi, 'yata. Lokacinsa ne."

Hussein ya sa ƙafa ya kifar da gadon. Alhaji ya faɗi da fuska a kan siminti, jini ya tsinke masa ta hanci da baki. Hanan ta yi kansa, ɗaya ya ɗauke ta da mari, ya bi ta da takalmi a ciki. Nasidi bai san sa'ad da ya damƙi hannun Hussein ba. Shekara talatin yana mayar da kafaɗa mazauninta, ya san ta inda take fita. Murɗa ɗaya ya yi, aka ji ƙas, mutumin ya durƙusa yana ihu.

Sauran biyun suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dokin ƙofa. Da gindin bindiga suka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, tun yana salati har muryarsa ta ɗauke. Ikhlas ta fito ta faɗa a kansa, suka ja ta da gashi suka jefar. Sun ɗana masa bindiga a kunne ke nan aka fara ruwan wuta daga wajen shingen, suka tallafi nasu suka fita da gudu.

Da sandunan dabino Ikhlas ta ɗaure yatsun, shi yana gaya mata inda za ta ja, haƙoransa a kan tsumma. Kafin la'asar sun hau amalanken jaki sun nufi arewacin gari, wajen ƙanwarta. Alhaji Salih ya cika bayan kwana uku.

Sai da wata biyu suka wuce Nasidi ya sami lambar Hanan ya kira ya yi mata ta'aziyya. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Kawu, da ka bari na ɗauke shi." Ta kashe wayar.

Yatsu uku sun warke a karkace, ko cokali ba sa riƙewa. Yanzu a unguwar Sawra yake, can arewacin garin, ƙarƙashin rumfar kwano, yana aiki da hannun hagu da gwiwar hannu. Yawancin masu zuwa waɗanda yaƙin ya taɓa ne, masu tsohon rauni a baya ko a cinya. Suna cewa tausarsa ta yanzu ta fi ta da zafi. In zafin ya yi yawa sai ya tsaya, ya jira mutum ya numfasa, sannan ya ci gaba.