Sati Biyun da Mama Ta Yi Mini Grounding

Ƙaurin shinkafa ne ya dawo da ni hayyacina, wata Laraba da yamma a gidanmu na Dagenham, can ƙasar Turawa, ina 'yar shekara tara. Mama ta bar mini tsaron tukunya ta tafi yi wa ƙanena wanka, ni kuwa na jingina da taga ina kallon ruwa yana gangarowa a gilashi, ina haɗa baitoci a raina. Da ta shigo ta dubi tukunyar, ta dube ni, sai na miƙa kunnena kamar yadda aka saba. Ba ta taɓa shi ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "You're grounded. Sati biyu."

A bakin maƙwabciyarmu Baturiya ta tsinci maganar, don kullum muna jiyo ta tana yi wa ɗanta barazana da ita. Na san ma'anarta daga makaranta: a hana yaro fita, ya zauna a ɗakinsa. To da ma ina nake zuwa? Makaranta, islamiyya, sai rakiyar Mama Old Kent Road sayo manja da daddawa. Sai da ta kwana tana neman abin da za ta hana ni, ta zaɓi laburaren unguwa da nakan leƙa wani lokaci. Asabar ɗin kuwa za a karanta waƙoƙin yaran unguwa a can, har da tawa da na yi wata guda ina gogewa ina sakewa.

Na yi kuka, na roƙi a ja kunnen kawai a wuce wurin. "Nan ƙasar haka ake yi," in ji ta. Amma ɗan Baturiya in an yi masa grounding kwanciyarsa yake yi da rediyonsa. Ni faranti guda na wake aka dire mini in tsince, ga guga, ga kankare tukunyar da na ƙona. Ranar Asabar Mama ta yafa mayafi ta ce za ta kasuwa, ta bar ni da Baba da wake.

Yanzu ba mai hana ni fita ko'ina, amma har yau in na tuna sai na yi tsaki. Sai bayan aurena Baba ya gaya mini ba kasuwa ta je ba. Laburaren ta tafi, ta zauna a kujerar baya har aka karanta waƙata, sannan ta dawo ta tambaye ni ko na gama waken.