Uban Mahla'ilu

Babana ɗan ga-ruwa ne. Garwa biyu a sanda, daga wurin ɗiban ruwa zuwa gidajen Larabawa masu bene, yana hawa yana sauka har kafaɗarsa ta yi kanta. Muna zaune a Makka, a bayan unguwar Mansur, cikin bukkar gwangwani da buhu irin ta sauran takari, wato mutanenmu da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna. A shekarun da Turawa ke babban yaƙinsu alhazai suka yi ƙaranci, garin ya bushe, Inna ta rasu, muka rage daga ni sai shi.

Bai yi karatu ba, amma kunnensa ba ya zubar da abu. In ya sauke garwa yakan raɓe a bayan da'irar wani malami a Harami, can ya kwaso jerin kakannin mutane tun daga Annabi Adamu: Shisu, Anushu, Ƙainanu, Mahla'ilu, Yaridu, har zuwa Annabi Nuhu. Yana wanke ƙafa yana jerawa, yana cin gurasa yana jerawa. Cikinsu duka Mahla'ilu ne nasa. Ya ce malamin ya ce sunan Ibraniyanci ne, kuma shi dai bai ji an faɗi wani abin da mutumin ya yi ba.

Nakan tsokane shi. "Baba, mutumin da ko akuya ba a raɗa wa sunansa, me ka gani a jikinsa?"

"An san ubansa, an san ɗansa," in ji shi. "Me ya rage masa?"

Sunan uban shi Baba kuwa ban taɓa ji a bakinsa ba, kuma ban yi mamaki ba. Haka mutanenmu suke. Inna har ta koma ga Allah ba ta kira sunan Baba ba, maƙwabciyarmu ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Na ɗauka kunya ce, har ina alfahari da ita a gaban 'ya'yan Larabawa da ke kiran iyayensu gatsal.

Sai wani tela ya fito yana so na. Ɗan Sakkwatawa ne, a Makka aka haife shi, yana da keken ɗinki a rumfar kawunsa. Ni ma ina son sa, ba zan ɓoye ba. Ni da nake tallan waina a bakin hanya, na fara ganin kaina a ɗaki mai ƙofar katako. Manyansa suka aiko cewa za su zo bayan la'asar a gaisa, a ji asali.

Na share tsakar gida har ƙasa ta yi santsi, na aro tabarma da kofunan shayi. Dattawa biyu suka zo, kawun telan da wani aminin gidansu. Ina bayan labulen buhu ina jin komai. Suka faɗi nasu, wane ɗan wane, unguwa kaza a Sakkwato, hanyar da kakansu ya biyo ta Sudan. Sannan kawun ya ce, "To Malam, kai ɗan gidan wa ne? Wane gari?"

Baba ya ɗauki butar shayi.

"Mun san da nauyi," in ji kawun. "To shi ke nan, ba sai ka kama suna ba. Nuna mana mai sunansa a unguwar nan, mu za mu faɗa."

Baba ya ƙara musu shayi, ya ce duk 'ya'yan Adamu ne mu. Ya soma jerin nan nasa. Suka bar shi ya kai ƙarshe, don masu ladabi ne, sannan suka yi addu'a suka nemi takalmansu. Kofin kawun ko rabi bai sha ba.

Ban jira ƙurarsu ta kwanta ba na fito. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce wace irin kunya ce wannan da za ta cinye ni da raina, na ce mutanen da suka mutu tun kafin ruwan Ɗufana yana riƙe da su a ka, nasa uban guda ɗaya ya gagare shi. Na ce ya faɗa mini ni kaɗai, in bi su da gudu in kai musu.

Yana zaune yana juya kofi a hannu. Ya ce, "'Yar nan, ba kunya ba ce. Ban san shi ba."

Ya ce yana ƙarami wasu matafiya suka taho da shi. Bai san ko danginsa ne ba, ko tsintarsa suka yi, ko sato shi. Da guzurinsu ya ƙare suka bar shi a gidan wani mai raƙuma, suka ce za su dawo. Abin da yake tunawa na gida kawai wata rijiya ce da bishiya a gefenta, da wata mata mai tsaga a kumatu. Hausar ma a bakin takari ya sake tsintar ta. Sunan da ake kiransa da shi mai raƙuman ne ya sa masa.

"Inna ta sani?" na ce.

"Ba ta tambaya ba. Ita ma ta ɗauka kunya ce."

Daga nan ya miƙe ya saɓa sandarsa, don akwai gidan da ke jiran ruwa kafin magariba.

Telan bai sake bi ta gaban kaskona ba. Kafin aikin hajji ya zagayo ya auri 'yar Katsinawa mai kakanni. Ban ji haushinsa sosai ba, ban ma san wa zan ji haushi ba, abin da ya fi cin raina ke nan. Magana ta zaga unguwa, masu zuwa suka daina zuwa. Na yi aure daga baya, na tsufa a ciki, Allah bai ba ni haihuwa ba.

Baba yana kwance a maƙabartar Ma'ala, ba alama a kansa, yanzu ko wurin ba zan iya nunawa ba. Danginmu kaf a duniya mutum biyu ne, kuma ɗaya ya riga ya tafi.