Tafiyar Yaya Kafin Ɗiban Gwamna

Ƙarfe tara na safe, ranar Talata bayan girbi, muna zauren gidanmu a Gwiwa: ni, da Inna a bayan asabari, da mai unguwa, da dogarin hakimi. Yayana ba ya nan.

Dogari ya ce Turawa suna son mutane don aikin kuza a Jos. Duk gidan da ke da maza biyu baligai zai ba da ɗaya, kuma babban ake ɗauka.

"Ina babban?" in ji mai unguwa.

"Ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki shekaranjiya," in ji Inna. "Gwaggonsu ba ta da lafiya."

"To, ƙaramin ma yana da hannu biyu," in ji dogari.

Inna ta ce da ni, "Ƙaddara ce, ɗan nan, yi haƙuri."

Ban yi mata musu ba, amma ban yarda ba. A wajenmu akwai kalmar tsinkaya. Wanda ya hau dutse yakan tsinkayi mahayi tun yana ɗan ɗigo a hanyar Kazaure. Manomi yakan tsinkayi hadari ya kwashe shanya. Abin da ake tsinkaya shi ne wanda ya aiko da alamarsa kafin ya iso, kuma a kan irinsa mai hankali ba ya cewa bai sani ba.

A hanyar Kano, ana tafiya da mu Jos, na jera abubuwan a raina. Da farko, an yi wannan ɗiba a Roni makon da ya wuce, kowa ya ji. Na biyu, ɗan aiken dagaci abokin wasan darar Yaya ne. Sannan mai zuwa dubiya ba ya tafiya da jakinsa da fatanyarsa da bargo. Gwaggo kuwa, an gan ta a kasuwar Babura tana cinikin kuka.

Na tafi. Na dawo da ciwon tarin da har yau yake tare da ni. Yaya ya tarye ni a bakin gari, ya karɓi kayana.

"Ƙanena, wa ya san haka za ta faru?"

"Allah Ya sani, Yaya," na ce.

Ya dubi ƙasa. Ko kunya ce, ko tausayi, ban tabbatar ba, kuma ya rasu ban tambaye shi ba. Shaida ba ni da ita, zato ne kawai.

'Ya'yansa suna zuwa gaishe ni kowace Juma'a. Mai karatu, idan ka gane gidanmu, ina roƙonka kada ka kai musu wannan magana.