Tire Biyu da Anti Ta Musanya

A wurin aiki kowa Anti yake ce mata, har Injiniya da ke shugabantar ɗakin gwajin. Shekara goma sha huɗu ke nan tana aiki ɗaya. Takan jera ƙananan batura a kan tire, ta duba lambar tiren, ta maƙala wayoyi, ta zura shi a akwatin da ya dace. Akwatunan biyu ne, masu kama da firji. Cikin ɗaya zafi ne kamar motar da ta wuni a rana, ɗayan kuma da ɗan sanyi. Na'ura ke yi wa baturan caji tana zuƙe shi sau ɗaruruwa, kwamfuta na rubuta yadda kowanne yake tsufa.

Ba ta yi karatu mai zurfi ba. A masana'antar haɗa fitilu ta fara, tana liƙa waya, kuma tsabtar hannunta ce ta kawo ta nan. Abin da ta gane game da aikin Injiniya shi ne, yana gina batir na lissafi a cikin kwamfuta, wanda ke koyon halin na gaske daga gwajin da take yi. In ya koya, sai a tambaye shi shekara nawa batirin babur mai lantarki zai yi in ana masa caji kaza, ya ba da amsa cikin minti biyu.

Tun bara idonta ya fara hazo. Ta yi shiru, don tana tsoron a ce ta tsufa da aikin. Sai da babbar 'yarta ta kama ta tana karanta takardar magani a nesa da fuska, ta ja ta asibitin ido.

A watannin nan ne Injiniya ya shiga farin ciki. Ya ƙirƙiro wata hanyar caji mai sauri, ya sa a gwada ta a tire na talatin da takwas cikin akwatin zafi. Wata biyar baturan suka yi, ko gezau. Batirin kwamfuta ya koyi cewa sabuwar hanyar na kare batir daga zafi, kuma wani kamfanin babura ya ce zai turo mutanensa ranar Alhamis.

Ranar Litinin Anti ta zo da sabon tabarau. Ta buɗe akwatin sanyi za ta goge shi, sai ga lamba ɓaro-ɓaro a gabanta: talatin da takwas. Ta cire tabarau, ta goge da bakin riga, ta mayar. Lambar ba ta canza ba. Ta buɗe akwatin zafi, ta tarar da talatin da shida. Kwamfuta ba ta ganin cikin akwati, abin da Anti ta shigar mata shi ta sani. Wata biyar ke nan baturan Injiniya suna shan sanyi.

Ta rufe ƙofar a hankali, ta zauna a kujerarta har aka tashi.

Washegari da safe mijinta, wanda ya bar tuƙin bas saboda ciwon baya, ya ga ta zuba sukari a shayinsa sau biyu.

"Maman yara, kashe ni za ki yi ko me?"

Ta ajiye cokali ta faɗa masa komai.

"To ki musanya su mana, kowa ya koma gidansa. Wa ya gani?"

"In na musanya, ai kwamfutar ta riga ta koyi ƙarya. Su sa wa babura wannan cajin, rana ta dake su, batir ya kumbura a ƙarƙashin ɗan wani fa?"

Ya daɗe yana juya kofin. "Ni dai tsoron aikinki nake ji," ya ce.

"Ni ma."

Talata ta wuce ba ta iya faɗa wa Injiniya ba. Sau uku tana zuwa bakin ofishin Injiniya, tana jin yana gwada jawabinsa shi kaɗai, ta juyo. Ranar Laraba da hantsi shi ya leƙo da kansa.

"Anti, gobe ki tsaya kusa da ni. Zan gaya musu hannunki ne ya yi aikin."

"Ranka ya daɗe, zo ka ga wani abu."

Ta buɗe akwatin sanyi ta nuna lambar da yatsa. Ya sunkuya ya karanta. Ya je ya buɗe ɗayan. Ya jingina goshinsa da ƙofar, har na'urar sanyi ta fara ƙarar an bar ta a buɗe.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun shekaranjiya."

"Shekaranjiya, Anti?"

Ya shige ofis ya rufe. Ta jiyo shi a waya yana ba da haƙuri, yana cewa a ɗaga zuwan. Ta haɗa kofinta da silifas ɗin aiki a jaka, tana jiran a sallame ta.

Bayan sa'a guda ya fito da takarda da biro, idonsa jajir.

"Tire casa'in muke da su. Ni zan karanta lamba, ke ki faɗi akwati. Ajiye jakar nan."

Sauran duk daidai suke. An sake gwajin daga farko, wata biyar cur, kuma Injiniya bai cika yi mata magana ba a wata na farko. Da sakamako ya fito, sabuwar hanyar ta taimaka, amma kaɗan, ko kusa ba ta kai yadda aka yi zato ba. Kamfanin bai dawo ba.

Anti na nan a aikinta. Yanzu mutum biyu ke karanta kowace lamba da ƙarfi kafin a rufe akwati. Duk da haka, wani lokaci sai ta kai tashar mota ta tsaya cak, ta juyo, ta roƙi mai gadi ya buɗe mata ƙofa ta sake dubawa.