Hannun Hagu a Tukunyata

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Konni ran Laraba da hancinshi a buɗe ya san rumfata tun bai gan ni ba. Daddawar batso nake saidawa. Wajen uwata na gada, ita ma wajen tata. Ban ce babu masu yi ba, akwai su, Allah ya ba su kasuwa, amma gurguzu, ɗiyan yakuwar da ake yin ta da su, ya san hannun da yake yi wa biyayya. Direbobin Malbaza da saƙon matansu suke zuwa. Matan Illela kan ce a sawo musu ta tsohuwar nan mai baki. Bakin kuwa ina da shi, kuma shi ya ja mini.

Shekarar da wayoyi masu hoto suka fara yawa a gari, bayan an gama yankan hatsi, wata farar mota ta tsaya daura da rumfata. Mutum uku suka fito da riguna iri ɗaya, guda ya saɓo kamara a kafaɗa kamar mai kai ɗan akuya kasuwa. Babbansu dillalin wani kamfanin dunƙulen miya ne, shi ke raba kayansu a yankinmu. Mutum mai laushin harshe. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni.

"Inna, an ce duk Konni ba wadda ta kai ki sanin miya."

"Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba."

"Hikimar iyayenmu muke tarawa, kada ta ɓace. Muna so mu ɗauke ki kina girki, kina bayani, jikoki su gani."

Rumfar da ke jikin tawa ta taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, gabu take saidawa, busasshiyar albasa. Tun muna tallan ƙuruciya ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba, kuma ba mu taɓa kwana da fushi ba. Ta leƙo ta ce, "Samari, ku ji tausayin gilashinku. Wagga fuska ko madubi ba ya ɗaukarta sai da addu'a."

Na ce, "Baiwa, rufe baki, ana magana da masu gari."

Washegari da hantsi suka zo gida. Na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi, na hura wuta, na aza tukunya, na kaɗa musu miyar kuka. Na yi magana har mai kamara ya canza kafaɗa sau biyu. Da dillalin ya tambaye ni asirin miyata, na ɗaga curin daddawa sama na ce, "Miya in babu wanga, ruwan wanke tukunya ce. Wanga shi ne uban miya. Macen da ba ta san shi ba ta koma gidansu a sake yi mata tarbiyya." Na taka rawa kaɗan, don maganar ta yi mini daɗi ni ma.

Ya ce, "To dunƙulenmu fa, Inna?"

Na ce, "Naku? Gishiri ne ya samu riga."

Suka yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na ce a raina, kai, ga yara masu ladabi, ana zagin abincinsu suna murna. Da za su tahi suka ba ni bokiti da turmin atamfa, suka miƙo takarda in dangwala yatsa. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba, tunda waɗanda suka yi lakwal ɗin wajena suke zuwa sayen abin miya. Na tambaya mi ke ciki. Dillalin ya ce shaida ce kawai cewa sun zo mun gaisa. Na dangwala. Har na ƙara dannawa don ya fito sosai.

Wata biyu ban ji komi ba. Sai wata Laraba na ga mutane na wuce rumfata suna murmushi. Wani direba da ya shekara goma yana sayen daddawata ya tsaya, bai sa hannu aljihu ba, ya ce, "Hajiya, ashe haka kuke yi muna? Ku saida muna mai wari, ku koma gida ku jefa dunƙule?"

Ya ciro wayarshi ya nuna mini. Ga ni nan tsaf, zanena, ɗankwalina, bakina. Na ji kaina ina cewa miya in babu wanga ruwan wanke tukunya ce. Amma inda na ɗaga daddawa, babu daddawa. Sai hannu ya fito shi kaɗai ya cika hoton, yana murje dunƙulensu a cikin tukunya. Sai a dawo kaina ina cewa wanga shi ne uban miya, ina rawa. Maganar gishiri mai riga kuwa, ko ƙurarta.

Taubashiyata ta ƙwace wayar ta kalla sau uku. Ta yi dariya har ta zauna cikin gabunta. "Uban miya! Allah ya tona asirin maƙaryaciya. Shekara nawa kina cika muna kunne?"

An ce a intanet kamfanin ya sa abin, wani ya kwaso shi a gidan ordinater, shagon kwamfuta na bakin tasha, daga nan ya riƙa tsallakawa waya zuwa waya kamar ƙyanda. Rawar ce ta ja shi. Masu gidajen kallo suka riƙa sa shi kafin fim. Har ƙetaren iyaka ya je. Da farko, in faɗi gaskiya, na ɗan ji daɗi, don an san ni inda ban taɓa takawa ba. Amma Laraba uku a jere na koma gida da fiye da rabin kwandona. Mata na cewa, tunda mai yin ta ma ba ta ci, mu mi ya kai mu? Daddawar da uwata ta bar mini ta zama abin da ake nuna wa da leɓe, kuma da bakina aka yi mata haka.

Na yafa gyale na tahi wajen jandarma. Wanda na tarar ya saurare ni da kyau, ya ce, "An buge ki?" Na ce a'a. "An sace miki kaya?" Na ce an sace mini magana. Ya ce wannan ba su da ɗakin rufe ta, in je wani buro, ofishin gwamnati da ke kula da abin da ake faɗi a rediyo da tele. Jandarman shi ma ya ga hoton, don da zan fita na ji yana gaya wa na kusa da shi, "Ita ce uban miya."

Ma'aikacin da ke buron mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya buɗe wani littafi mai kauri, ya ce in da a rediyo aka sa ko a tele, da yanzu ya rubuta musu takarda. Abin da ke yawo cikin wayoyi kuwa, littafinshi bai san da shi ba tukuna.

Na ce, "To wa ke kula da intanet ɗin?"

"Inna, ba kowa. A nan dai."

"Kwatanta mini gidanshi, ni zan je."

"Ba shi da ƙofa."

"Gidan da ba ƙofa, ta ina suka shigar da ni?"

Ya yi dariya, sannan ya tambaya ko na sa hannu a wata takarda. Na nuna mishi yatsan. Ya girgiza kai ya ce wannan yatsa ya ba su izinin su yi yadda suke so da hotona da muryata. Kamfanin kuma yana da lauyoyi sun fi rumfunan layinmu yawa. Na dubi yatsan nan, na ce da shi, kai ma ashe munafuki ne.

Dillalin na neme shi a shagonshi sau biyu, aka ce ya yi tafiya. Na uku na hango takalmanshi a bayan kwalaye, aka ce ya yi tafiya.

Ɗiyata ta fari tana aure a Bazaga, ta zo ganina ta tarar ban ko jiƙa gurguzun satin ba. Tana da irin wayar. Na ce ta kunna mini in ƙara ganin abin kunyar. Tana kunnawa mijinta ya yi sallama daga waje, ta danna wani wuri, hoton ya tsaya cak. Ni ban san ana tsai da shi ba. Na zaci kamar ruwan gulbi ne, in ya wuce ya wuce. Ya tsaya daidai kan hannun nan, ya daina gudu, na samu na dube shi a natse.

Hannun hagu ne.

Na kira ta na ce, "Ke, dubi nan. Ina babban yatsa yake?" Ta duba, ta juya nata hannun, ta rufe baki. Hannun hagu, sumul kamar bai taɓa riƙe muciya ba, farce dogaye an shafe su da jan fenti, yana zuba abu cikin abincin da mutane za su ci. Kowa ya kalli abin nan fuskata yake kallo da rawata, hannun na wucewa kamar walƙiya, ba wanda ya tsaya kanshi.

Ban koma buro ba. Na lura da abu guda a kwanakin nan: in ka ce an zalunce ka, mutane su ce Allah ya saka maka, su wuce. In ka ce an ci da su ƙazanta, kowa sai ya tsaya.

Na riƙe wayar ɗiyata sati biyu, ta koya mini wurin dannawa guda ɗaya, shi kaɗai nake buƙata. Ba sunan da aka yi a unguwa ban je ba, ba bukin da ban zauna wajen masu tukunya ba. Ba na cewa komi game da kaina. Sai in kunna, a yi dariyar rawata, ni ma in yi. In hannun ya fito sai in danna.

"Ku da ke da ido, wanga hannu wane ne?"

Sai a matso. Sai wata ta ce, "La ilaha, hagu!" Wata ta tofar da yawu. Sai in shimfiɗa nawa biyu a kan tabarma, baƙaƙe, da tabon wuta, farcen duk gurguzu ya cinye.

"To ku nemo mini jan fentin."

"Amma Inna, da bakinki kika ce shi ne uban miya."

"Na ce. Kun ga abin da ke hannuna sa'ad da na ce? Tela ma in ya haɗa ƙyalle biyu sai ya ɓoye ɗinkin a ciki. Ku riƙa juya riga."

Ban ce dunƙulensu da hagu ake yin shi ba. Allah ya gani ban faɗa ba. Amma da wata ta tambaye ni ko haka ne, na ce ni dai ban taɓa shiga inda suke yi ba, kuma mutanen da ba su ga aibin nuna wa duniya haka ba, wa ya san abin da suke yi in ba mai kallo. Taubashiyata, wadda ta fi kowa yi mini dariya, ita ta fi kowa kai labarin nesa. Kafin wata ya mutu, yarinya in an aike ta shago sai a ce mata, kar ki sawo na hagun nan. Mata suka koyi tsai da hoto. Har wani tallan sabulu suka tsayar, suka gano rigar da aka tsoma a ruwa mai aljihu ce, wadda aka ciro fara fes ba ta da shi.

Sai ga dillali ya dawo daga tafiya. Ran Laraba, kasuwa ta cika, ya durƙusa inda ya durƙusa da fari, da kwali guda na kayansu wai tsaraba. Ya ce a hankali, "Inna, don Allah mu yi magana gefe."

"Gefe? Ni tsakiyar duniya kuka sa ni. Zauna nan."

Taubashiyata ta turo mishi kujerar tsuguno, ta ɗaga murya ta kira mata wai su zo ga surukin uban miya. Suka zagaye shi.

Na ce, "Hannun wa?"

Ya share gumi. Ya ce wata ma'aikaciya ce a buronsu na babban birni. Da dama ta fara, mai kamara ya ce inuwa na rufe dunƙulen, ta canza hannu. Mutum bakwai ke ɗakin, duk masu manyan takardu, ba wanda ya ga komi.

"Ba wanda uwarshi ta taɓa buge wa hannu a akushi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni mi na ɗaga a gidana?"

"Daddawa."

"Kasuwa na da hayaniya, ɗana, tsofaffi ba mu ji."

"Daddawa, Inna! Daddawa kika ɗaga!"

"Naku kuma mi na ce da shi?"

Nan ya roƙe ni da ido. Na bar shi, don ɗan mutane ne kuma aikinshi yake ci. Taubashiyata ce ba ta bar shi ba, don na sha ba ta labarin, ta faɗi maganar gishiri mai riga da ƙarfi a madadinshi, layin ya ɗauki shewa.

Na ce ya janye hoton. Ya rantse ko mai kamfanin ba ya iyawa, abin ya riga ya shiga wayoyin mutane, su dai za su daina sa shi. Na yarda da shi, kuma haka aka yi: ba a janye ba, na ji har yanzu akwai masu shi. Kwalin na ce ya mai da, kada a wayi gari a gan shi rumfata a ce ga shaida.

Ya ɗauki kwalinshi ya miƙe, amma bai tahi ba. Mata sun riga sun fara miƙo hannu kan kwandona, wannan na cewa a ba ta biyu, waccan na cewa ita ta riga. Yana tsaye yana jujjuya makullin mota, har na ce, "Akwai saura?"

Ya matso ya rage murya. Ya ce tsohuwarshi na Alela, ta ji yau zai zo wajena, ta ce kada ya kuskura ya koma gida hannu banza, tun da ya kama aikin nan miyarta ba ta yi daɗi ba.

Na ce ya bi layi. Ya bi, da kwalin a hammata, bayan mata tara. Da aka zo kanshi na zaɓar wa tsohuwar masu kyau daga ƙasan kwando, na ƙara mata gyara.